Sunan Yankan Maidaji

Duk wanda ya ci tuwo a ɗakina a Guangzhou cikin shekarun nan ya ci yankan Maidaji, ko ya sani ko bai sani ba. Na fara da wannan ne saboda akwai waɗanda yanzu suke magana kamar ba su taɓa tsotsar ɓargon da ya fito daga hannunsa ba, alhali ni na zuba musu, ni na kwashe kwanukan, na kuma san yadda suke barin su.

Sunana Mas'uda, 'yar Fagge ce ni, abinci nake sayarwa a wani tsohon bene a Xiaobei, unguwar da mutanenmu suke sauka. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi da Yamai, in sun gaji da yawon shaguna da jin meyo, meyo, wato babu, babu, wurina suke zuwa su cire takalmi su ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Mai abinci kuwa ba ta da sirri da mahaucinta. Don haka abin da zan faɗa game da Maidaji, wani na gani da idona, wani shi ya gaya min da bakinsa yana zaune a kan kular nama a ƙofar kicin ɗina.

Mahauci ne ɗan mahauci daga Maraɗi, ya ba wa hamsin baya, gajere mai faɗin ƙirji, ɗan yatsansa na hagu gundulmi ne tun yana yaro a mahauta. Rakiya ya yi wa wani alhaji da ya zo sayen injinan niƙa. Alhajin ya koma, shi ya tsaya yana dakon kwali a wurin masu kago, wato kamfanonin aika kaya gida. Wata Babbar Sallah 'yan kasuwa suka haɗa kuɗi suka sayi raguna, sai aka tsaya cirko-cirko, kowa ya iya lissafin kwantena amma babu wanda ya iya fiɗa. Maidaji ya nannaɗe hannun riga. Tun daga ranar ya ajiye dakon kwali.

Kada wani ya ce da ma babu naman halal a garin. Akwai Musulmin China, mutanen kirki, namansu da koren tambari a jiki. Amma ba za su ba ka kai da ƙafa a babbake yadda muke so ba, kuma kayan ciki sai ka yi ta kwatance da hannu kamar bebe. Ban da haka, Bahaushe yana son ya san hannun da ya yanka masa. Maidaji ya sami wani mai kiwon awaki a ƙarshen Panyu, inda masana'antu suka ƙare gonakin ayaba suka fara, suka shirya. Tsakar gida ce mai siminti da tiyon ruwa da robobi. Nan yake yanka da sassafe, ya gyara, ya zuba a kula, a kawo mu cikin gari kafin azahar. Ba ya ƙara maka ƙashi a awo, ba ya kuma yawan magana. In aka ce naman Maidaji ne, magana ta ƙare, sai a yi bismillah.

To, ga inda gizo yake saƙar. Maidaji ba sunansa ba ne. Sunansa na yanka Ibrahim, sunan kakansa na wajen uba aka mayar masa. Kun san al'ada, uwarsa ba za ta kira sunan surukinta ba, ga shi kuma ɗan fari. A gona naƙuda ta kama ta, sai ta ce Maidaji, gida ya ɗauka, unguwa ta ɗauka. Ubansa ma ba ya faɗin sunan, tunda na mahaifinsa ne. Bai yi boko ba balle a kira shi a aji. Matarsa Balkissa kuwa Malam take cewa. Mutum ya shekara hamsin da sunan da aka zubar da jinin rago a kansa, amma bai san yadda yake sauka a kunne ba. Mu nan Guangzhou ko a mafarki ba mu san da shi ba.

Jikin tsakar gidan nan ta Panyu akwai wani tsohon sito da wani dattijo ɗan China ya kama haya, sunansa Pang, mai zane ne. Daga baya na ji tarihinsa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masana'anta yana kwafar zane-zanen tsofaffin gwanayen Turai, ana zubawa a kwantena ana kai wa masu otal a ƙasashen waje. Da ya tsufa sai ya ce ya gaji da aron hannun matattu, yana so ya yi nasa. A cikin abin da ya fi kwafa akwai wani zane na wani Bature da ya mutu ɗaruruwan shekaru, wanda ya zana ƙissar layya yadda take a littafin Kiristoci: tsoho da wuƙa, yaro a ƙasa, mala'ika ya riƙe hannun, rago a gefe. Pang ya ce ya zana wannan hannun har ba ya iya ƙirgawa, amma bai taɓa ganin mutum ya ɗora wuƙa a wuyan mai rai yana addu'a ba sai da ya leƙa ta tagarsa ya ga Maidaji.

Ya daɗe yana leƙe kafin ya fito. Da farko shayi yake kawowa a ƙaramin kofi, su zauna, ɗaya ba ya jin ɗaya. Sinancin Maidaji bai wuce nihau, wato sannu, da meyo da ƙirga kuɗi ba, Pang kuwa ba Turanci ba Faransanci. Amma dattijon mai ladabi ne, ladabin ma shi ya jawo komai. Ya je ya tambayi wani Musulmin China yadda Musulmi suke kiran tsohon da ke cikin ƙissar, don kada ya zo wa mutum da sunan da ba na addininsa ba. Aka gaya masa, ya haddace.

Wata safiya ya zo da takarda, an buga wani yanki na tsohon zanen an ƙara girmansa, hannu ne kawai da wuƙa da ƙahon rago. Maidaji ya duba ya ce a ransa ashe Turawan da ma suna da mahauta. Sai Pang ya nuna takardar, ya nuna allon zanensa, ya nuna ƙirjin Maidaji, ya ce da harshensa mai santsi: "Ibulahin?"

Maidaji ya ce min sai da tsikar jikinsa ta tashi. Ya ɗauka mai awakin ne ya ga sunan a takardunsa ya faɗa wa maƙwabcinsa. Ya dafa ƙirji ya ce: "Ni ne. Ibrahim, ni ne." Pang ya ji daɗi, a zatonsa mutumin ya yarda ya tsaya a matsayin tsohon cikin ƙissar. Maidaji ya ji daɗi, a zatonsa an san shi. Suka yi musabaha, kowa da abin da ya fahimta.

Ina tuna ranar da ya ba ni labarin. Ya ajiye kula yana murmushi, abin da ba halinsa ba. Ya ce: "Hajiya, ashe garin ga akwai mai kirana da sunana." Na tambaye shi wane suna, ya faɗa a hankali kamar mai jin kunya. Na tsokane shi na ce to daga yau Iro zan riƙa cewa, ya ce a'a, in bar shi a Maidaji, wancan na tsohon ne. Ya ce tsohon yana zana shi da gawayi in yana aiki. Ban ga komai a ciki ba. Garin da kowa yake ɗaga waya yana ɗaukar kowa, wa zai damu da gawayi? A wurinmu ai duk hoto ne.

Haka suka yi watanni. Kullum Pang ya gaishe shi da sunan, shi kuma ya amsa. Babban zanen a cikin sito aka yi shi, da fentin mai, Maidaji bai taɓa shiga ba, don ya ce warin yana hau masa kai.

Wanda ya gano shi Alhaji Abdulƙadir ne, mai sayen wayoyi yana kaiwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ya je unguwar Tianhe, ya shiga wani dogon benen kayan lantarki, ya ɓace hanya ya hau sama fiye da inda yake nufi, sai ga shi a wani zaure da ake baje zane-zane. Yana ɗaga kai suka yi ido huɗu da Maidaji a jikin bango, girmansa kamar na gaske. Ya matsa ya karanta 'yar takardar da ke ƙasa, da Sinanci da Turanci. An rubuta sunan Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, an ce sabon duba ne ga zanen wane na zamanin da. Alhajin ya ɗauka da waya ya tura zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ya bi da saƙon murya yana salati.

Ina cikin tuƙa tuwo abin ya shigo min. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma gabana ya faɗi. Ga Maidaji a durƙushe da singileti da silifas, ga shuɗiyar roba, ga tiyo yana zuba, duk na san su. Amma a ƙarƙashin gwiwarsa, inda rago ya kamata ya kasance, yaro ne kwance, tafin hannun hagu mai gundulmin yatsa ya rufe masa fuska gaba ɗaya. Wuƙa tana dama. Babu mala'ika, sai wani farin haske da ya sauko ya kewaye wuyan hannun. Ragon yana can kusurwa a ɗaure, an ga ƙahonsa kawai. Ni ba malama ba ce, amma na san ba a zana annabawa, kuma ban ji daɗin gani ba. Abin da ya ƙona min rai daban ne. Mutanen da suke cewa haramun ne a kalla, su ne suke turawa. Pang ya rataye shi a bango ɗaya a hawan da ba kowa ke zuwa ba, mu kuwa kafin la'asar mun rataye shi a Kantin Kwari da kasuwar Maraɗi.

Maganganu suka yi ta fitowa. Wani ya ce an biya shi dala ne ya sayar da addininsa. Wani ya ce da ma yana ganinsa ba ya daɗewa a sujada. Wani da ban taɓa gani a sahu ba ya yi dogon wa'azi, ya rufe da tambayar da ta kashe Maidaji: shin wanda ya yi wannan, ana cin yankansa? Wanda ba Bahaushe ba zai ɗauka maganar nama ce. Mu mun san in aka ce ba a cin yankan mutum, an fitar da shi daga Musulunci ke nan ba tare da an faɗa ba. Ga mahauci kuma, an haɗa masa biyu, an taɓa lahirarsa an taɓa tukunyarsa.

Shi bai ma sani ba, wayarsa ƙarama ce mai maɓalli. Washegari ya kawo nama gidajen abinci uku aka ce masa akwai saura. Da ya zo wurina na zaunar da shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya kawo wayar kusa da ido ya mayar nesa. Ya tambaye ni ina ragon da ya riƙe ya tafi, ɗan wa ne wannan. Da na gaya masa abin da aka rubuta a ƙasa, sai ya zame daga kan kular ya zauna a dandaɓe yana innalillahi. Na taɓa ganin namiji ya yi asarar kwantena guda a teku, bai yi irin wannan zaman ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka taru a ofishin Malam Umar Faruƙ, mai kamfanin kago, wanda ya yi karatu a nan ƙasar, yana jin Sinanci, kuma shi muke kai wa rigima. Mata ba sa shiga irin wannan zama, amma ni na kai abinci na ƙi fita, babu kuma wanda ya isa ya kore ni da cokali a hannunsa. Alhaji Abdulƙadir ne ya yi tambayar, kuma in za a faɗi gaskiya ba da mugunta ya yi ba, shi tsakaninsa da Allah abin ya girgiza shi.

Ya ce: "Malam Maidaji, magana ɗaya ce. An tambayi mai zanen nan, ya ce ya tambaye ka, ka ce kai ne Ibrahim. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Maidaji ya ce: "Na hwaɗa."

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Baki shi ke yanka wuya. Da wani mai wayo ne da ya fara da bayani ya ƙare da amsa, shi kuwa ya ba da amsa ya yi shiru yana jiran a ƙara tambayarsa. Sai da Malam Umar Faruƙ ya buga tebur ya ce ya ƙarasa, sannan ya ce sunansa ke nan, shi aka raɗa masa, bai san wani abu bayan wannan ba. Wasu suka ce yau ya ƙirƙiro. Allah ya sa akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen atamfa, ya ce ƙwarai, jikan Iro mahauci ne na bakin tsohuwar kasuwa, shi ya ci sunan. Malam ya kira Pang a waya a gaban kowa, suka daɗe suna magana, ya fassara mana yadda aka yi, tun daga takardar har musabahar.

Hukuncin da ya yanke mai sauƙi ne. Ya ce ayyuka da niyya suke, mutumin nan bai san abin da ake ƙullawa ba, babu laifi a kansa, yankansa halal ne kamar jiya. Amma zanen ba zai zauna haka ba. Ya ce malamai sun ce sura tana ga kai, in aka cire kai ta tashi daga sura. Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka cinye abincina aka watse. A ranar kifi na dafa, don na san halin mutanena.

Fatawa kuwa ba ta buɗe maƙogwaro. Mako ya zagayo, mutum zai zauna a ɗakina ya leƙa miya ya tambaya naman wa ne. In na faɗa sai ya ce yau likita ya hana shi jan nama, ko ya ce a zuba masa miya zalla. Masu ɗan kunya su ce sun san Malam ya yi bayani, amma zuciya ce ba ta kwanta ba. Wani ya ce min shi da ya ɗauki tsoka sai ya tuna yaron nan a ƙarƙashin wuƙa. Na ce masa to ya goge hoton daga wayarsa mana, ya yi dariya bai goge ba. Na ci gaba da karɓar naman Maidaji har firiza ta ƙi rufuwa. Daga Maraɗi Balkissa ta kira tana kuka, ta ce ɗansu da ke riƙe da teburin gidan a kasuwa yana wuni da ƙuda, an kuma ɓoye wa tsohuwar uwarsa labarin don kada ya kai ta ƙasa.

Ranar da za a cire kan, mu huɗu muka je Panyu: Malam Umar Faruƙ, Alhaji Abdulƙadir a matsayin shaida, Maidaji, da ni da ba a gayyata ba. Pang ya riga ya sauko da zanen daga Tianhe, ya jingine shi a bangon sito. Na zaci zan ga shaiɗani, sai na ga ɗan tsoho siriri da fenti a farce, yana ta sunkuyawa. Ta bakin Malam ya ce shi girmamawa ya nufa. Ya ce a ganinsa, mutumin da yake yanka rago duk shekara don tunawa da wannan ƙissa shi ya fi cancanta ya tsaya a ciki, ba wani Bature da aka yi hayarsa ba. Ya roƙa a bar shi ya shafe fuskar da fenti. Malam ya ce a wurinsa ya wadatar. Alhaji Abdulƙadir ya ce mutane za su ce fenti ana kankarewa. Wannan ma gaskiya ce, za su faɗa. Pang ya ɗauko wata 'yar aska ya tsaya gaban zanen, sai ya juyo ya ce ba zai iya ba, wani ya yi.

Duk wannan Maidaji yana gaban zanen. Yana tsaye yana kallon fuskar. A waya ƙarama ce, a nan kuwa ga ta da furfurar gemu da jijiyar goshi da idon da ya kalli wani wuri sama da kan mai kallo. Na matsa kusa da shi. Ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba: "Hajiya, wanga ba ni ba ne. Babana ne." Uban ya rasu Maidaji yana nan China, bai sami jana'iza ba, kuma tsohon har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Maidaji bai san ya girma ya zama shi ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya fita tsakar gida ya dawo da wuƙarsa ta aiki. Ya goga ta a magagari sau biyu, ya duba kaifin da babban yatsa. Na ga ya ɗan waiga yana neman alƙibla, irin na sabo, sai ya tuna ya fasa. Ya dafa goshin da hannun hagu, ya ɗora wuƙar a wuyan. Leɓɓansa suka fara motsi, suka tsaya. Ya ja sau ɗaya, ƙyallen ya yi ƙara kamar an yaga atamfa. Ya zagaye kan ya cire shi, aka bar rami ana hango bulon bango ta ciki. Pang ya juya mana baya.

Alhaji Abdulƙadir ya ɗauki hoton abin da ya rage ya tura zaure, ya rubuta alhamdu lillahi an gyara. Mutum biyu ko uku suka amsa. Labarin ɓarna ya isa Maraɗi a yini ɗaya, na gyara kuwa ina jin har yau yana hanya. Malam ya ninke ƙyallen ya miƙa wa Maidaji ya ce ya ƙona. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Ban taɓa tambayarsa ko ya ƙona ba, ba kuma zan tambaya ba.

Da za mu fita Pang ya biyo mu har ƙofa, ya buɗe baki zai kira shi yadda ya saba, sai ya haɗiye. Bai san wani sunan ba. Suka kalli juna, Maidaji ya ɗaga masa hannu.

Wasu sun dawo cin yankansa, ba zan ce babu ba. Amma mahauci ba ya rayuwa da mutum biyar, kuma mai awakin ya fara ƙorafin kasuwa ta ja baya. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, sunan da ya shekara hamsin ba a kira ba ya zama ruwan dare. Matasan kago in ya wuce sai wani ya yi ƙasa da murya ya ce ga Ibrahim nan, sauran su danne dariya. Wata rana ya zo ba kula, ya ce in daina wahalar da firizata, ya koma ɗaure kwali a wurin Malam Umar Faruƙ. Na yi masa faɗa sosai, na ce in ya bari ai ya ba su gaskiya ke nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah shi saka, ya tafi.

Da Babbar Sallah ta zo na ce wannan karon ni zan gwada su. Na sayi rago ni kaɗai, babba, daga cikin waɗanda ake kawowa daga arewacin ƙasar, na sa aka kai tsakar gidan Panyu, na aika wa Maidaji cewa shi zai yanka min. Na kuma baza a gari cewa layyar Mas'uda yankan Maidaji ce, mai ci ya ci, wanda ba ya ci ya sha ruwa. Bayan an sauko Idi na isa na tarar da shi ya riga ni, ya wanke siminti, ya wasa wuƙa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ya zo da wani Musulmin China mai farar hula, ana ce masa Ma, mai shagon nama.

Na tambayi Maidaji wannan fa. Ya ce: "Hajiya, layya ibada ce, rabawa za ki yi. Ba ni son a maido miki da kwano."

Na ce ragona ne, kwanukana ne, in an dawo da su ni zan cinye. Na yi masifa, na yi lallashi, har na ce masa matsoraci, Allah ya yafe min. Ya kayar da ragon, ya juya shi alƙibla, ya miƙa wa Ma wuƙarsa ta wajen ƙota. Sannan ya durƙusa ya riƙe ƙafafu, aikin da ake ba wa yara a mahauta. Ma ya yi bismillah ya yanka. Ina kallon hannun nan mai gundulmin yatsa ya danne cinyar ragon har ta daina shure-shure. Tagar siton Pang a rufe take, an ce ya tashi.

Maidaji ne ya yi fiɗar, ya gyara kayan ciki, ya babbake kai, komai tsaf kamar da. Na raba naman gida-gida, na ce yankan Ma ne, babu kwano ɗaya da ya dawo. Har da masu aiko da godiya, wai naman ya yi daɗi.

Kun san wuyan rago na wanda ya yanka ne, haka muka taso muka gani. Na ware wuyan na ƙunshe a leda, na kai masa da kaina ɗakin da yake kwana a bayan ofishin kago. Na ce nasa ne, don a wurina shi ya yanka. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambayi gajiya. Ina saukowa daga bene na ji takunsa a bayana. Ya wuce ni da ledar a hannu, ya nufi layin shagon Ma.